Mitar auna igiyar waifai: na saya na gwada, ga abin da na gani kafin ku cire yara daga makaranta

Wannan 'yar mitar da ake ta tallata wa iyaye, wadda take auna igiyar waifai da ta wayar hannu, na saye ta na yi amfani da ita a gida da kuma makarantar yarana, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne tana aiki, tana nuna maka inda igiya ta fi ƙarfi, amma fa ba ta gaya maka ko akwai haɗari ko babu, sannan yadda aka tsara jar fitilarta da ƙararta wallahi zai iya hana uwa barci a banza. Dalilin da yasa na zauna nake wannan dogon rubutun shi ne a guruf ɗinmu na iyaye maganar ta yi nisa sosai, tunda makaranta ta jona waifai a azuzuwa hankalin mutane ya tashi, har wasu sun fara cewa gara su cire yaran su koyar da su a gida, kuma ni ban ga laifinsu ba don nima abin ya dame ni, ɗa ba abin wasa ba ne.

Ita mitar girmanta kamar tafin hannu, tana da fitilu a jere daga kore zuwa ruwan ɗorawa zuwa ja, da ɗan gilashi da yake nuna lambobi, da lasifika. Kunna ta ba wuya, maɓalli ɗaya ne, ko wanda bai saba da na'ura ba zai iya. Lasifikar ce ta fi burge ni gaskiya, saboda kowace irin igiya da kalar ƙararta. In ka matso kusa da rauta, wato akwatin da yake watsa waifai, sai ka ji tana kas kas kas da sauri ba tsayawa ko da babu wanda yake amfani da intanet a gidan, da farko abin ya ɗaga min hankali sai da na bincika na gane cewa rauta tana aika ɗan gajeren saƙo ne kusan sau 10 a kowace daƙiƙa don ta sanar da wayoyi cewa tana nan, kowane saƙon ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba, sauran lokacin shiru take. To nan ne matsala ta farko take, mitar tana zuwa ne a saite kan lamba mafi girma da ta kama, ba matsakaicin abin da yake isa jikinka ba, sai ka shiga saiti ka canza da kanka, kuma takardar bayanin da ta zo da ita ba ta faɗi bambancin ba ko kaɗan.

Abin da ta koya min da ba zan manta ba shi ne maganar tazara. Na manna ta a jikin rauta ta yi ja wur tana ihu, na ja baya taku biyu ta sauko, na koma ƙofar ɗaki ta dawo kore. Ashe ƙa'ida ce sananniya, in ka ninka tazara sau biyu ƙarfin yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu, kamar dai hasken fitila da yake dusashewa in kana nisa da shi. Daga nan sai na kira wani da wayata na kara mitar a jikin wayar daidai inda kunnena yake taɓawa, jama'a nan ta fi yin ja fiye da ko'ina a gidan. Kuma ba abin mamaki ba ne in ka duba lissafin, a Turai iyakar ƙarfin da aka yarda rauta ta fitar a zangon waifai na gigahaz 2.4 miliwat 100 ne, wato kashi ɗaya bisa goma na wat ɗaya, ita kuwa waya a tsohon tsarin 2G tana iya kaiwa wat 2 in sabis ya yi rauni, kuma ita a kunne take ko a aljihu ba a saman bango ba. Wayar da muke miƙa wa yaro ya yi shiru muna aiki, ita ce dai.

Yanzu babban ƙorafina. Jan nan da mitar take nunawa, wa ya yanke cewa nan ne haɗari? Takardarta ta ce ja yana farawa daga maikurowat 1,000 a kowace murabba'in mita (maikurowat ɗaya kashi ɗaya ne bisa miliyan na wat), wannan kuma ma'aunin wasu masu ba da shawara kan lafiyar gine-gine ne da ya samo asali daga Jamus, ba na hukumomin lafiya ba ne. Ma'aunin da yawancin ƙasashe suke bi na hukumar ICNIRP ne, wato hukumar masana ta ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan iyakar irin wannan igiya, wanda aka fitar a 1998 aka sabunta a 2020, shi kuma ga irin zangon waifai ya sa iyakar jama'a a wat 10 a kowace murabba'in mita, wato maikurowat miliyan 10. Ku duba tazarar fa, ninki 10,000 ne. Mutum yana iya ganin iyakar ICNIRP ta yi sassauci da yawa, wannan muhawara ce da ake yi kuma ina girmama ta, amma kamata ya yi kamfanin ya rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin cewa ja ɗinsu ba na hukuma ba ne, ba wai ya bar uwa ta tsaya a ɗakin jaririnta tana kallon jar fitila gabanta yana faɗuwa ba. Wannan ni a wajena rashin adalci ne ga mai saye.

Makaranta kuwa na nemi izini tukuna, shugabar ta karɓe ni hannu biyu-biyu har ta haɗa ni da malamin kwamfuta muka zaga tare bayan an tashi. Rautar ajin a maƙale take can sama kusa da silin, a kan teburan yara mitar tana tsakanin kore da ruwan ɗorawa, sai da malamin ya kunna laftof ya fara sauke bidiyo sannan ta ɗan haura a daidai jikin laftof ɗin, ka matsa kaɗan ta sauka. In faɗi gaskiya tsakanina da Allah, falona da daddare lokacin da kowa yake riƙe da waya ya fi ajin nan tayar da mitar.

Ba wai tsoron iyaye daga sama ya faɗo ba, yana da tushe. A watan Mayun 2011 hukumar binciken cutar kansa ta IARC da take ƙarƙashin hukumar lafiya ta duniya WHO a birnin Lyon na Faransa ta saka igiyoyin rediyo a rukunin 2B, ma'ana mai yiwuwa su jawo kansa amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma abin da suka fi dogara da shi binciken masu kara waya a kunne ne na tsawon lokaci, ba waifai na aji ba. A shekarar dai majalisar wakilai ta ƙungiyar Council of Europe, ba ta Tarayyar Turai ba, ta fitar da ƙuduri mai lamba 1815 tana ba da shawarar makarantu su fifita intanet na kebul. Faransa ta ƙara gaba a 2015 ta yi doka, ta hana waifai a wuraren rainon yara 'yan ƙasa da shekara 3, a firamare kuma ta ce a kashe shi in ba darasi ake da shi ba, sun yi ne don riga-kafi ba don an tabbatar da cuta ba. A ɗaya ɓangaren kuma hukumar kare lafiya ta Ingila ta shiga makarantu ta auna laftof da rauta ta samu abin da yake isa ga yara yana ƙasa sosai da iyakar ICNIRP, sannan a 2024 wani babban nazari da WHO ta sa aka yi, wanda masana daga hukumar kula da tururin radiyeshan ta Ostireliya suka jagoranta, ya tattara bincike 63 bai samu alaƙa tsakanin wayar hannu da kansar ƙwaƙwalwa ba. Kuma igiyar waifai ba irin ta injin ɗaukar hoton ƙashi ba ce, ba ta da ƙarfin da za ta fasa ƙwayoyin halitta, abin da aka tabbatar irin wannan igiyar tana yi in ta yi yawa sosai shi ne ɗumama nama. Duk wannan babu ko layi ɗaya a takardar mitar, shafi biyu suka ɓata wajen tallar labule da fenti masu tare igiya.

To mu dawo kan karatu a gida, don nan ne zuciyata ta fi damuwa. 'Yar uwa in dalilinki kawai waifai ne, ki ari mitar nan ki zaga gidanki tukuna, ki buɗe wayarki ki ga sunayen waifai na maƙwabta nawa ne suke shigowa ɗakinki ta bango. Sannan yawancin tsare-tsaren karatun gida na yanzu ta intanet ake yin su, yaro zai wuni da kwamfutar hannu a cinya ko a ƙirji, kinga an gudu ba a tsira ba kenan. Akwai hanya in mutum ya dage, a ja kebul daga rauta zuwa kwamfuta a kashe waifai ɗin, ko a yi amfani da manhaja irin Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality da ake sauke darussa sau ɗaya a ci gaba da karatu ba intanet, kyauta ce kuma, ga littattafai na takarda da har gobe ba abin da ya kai su. Amma karatun gida ba ƙaramin nauyi ba ne, mutum ɗaya zai sadaukar da wuninsa kullum, ya zama malamin lissafi da na kimiyya da na harshe, ya nemo wa yaro abokan wasa, ya san yadda zai rubuta jarabawar da ake karɓa, kuma doka ma ta bambanta, a Amurka halal ne a duk jihohi 50, a Ingila ma an yarda, a Jamus kuwa haramun ne dole yaro ya je makaranta, Faransa tun 2022 sai ka nemi izini an ba ka. Na san iyayen da suka zaɓi wannan hanyar saboda ana cin zalin ɗansu, ko yaro mai buƙata ta musamman da aji ya yi masa girma, ko don tarbiyya, kuma yaransu sun yi kyau ma sha Allah, waɗannan dalilai ne masu nauyi da suka cancanci wahalar. Jar fitilar mita ba ta kai nan ba.

Ni abin da na roƙi makaranta, kuma suka amince ba gardama, shi ne rauta ta ci gaba da zama a sama nesa da kawunan yara, a kashe ta in ba a darasi da ita musamman a ajin ƙanana, kwamfutocin da suke a girke a ja musu kebul, laftof a kan tebur ba a cinya ba. Na ƙara da wanda ya fi ci min rai fiye da igiyar ma, wato me yaran suke buɗewa da intanet ɗin, akwai manhajar tacewa da take toshe shafukan banza ko babu, wa yake sa ido, awa nawa suke kallon gilashi a rana. Wannan mitar ba ta auna shi.

Sauran ƙananan abubuwa, batir ɗinta yana saurin ƙarewa in lasifika tana kunne, ba ta gaya maka daga wace na'ura igiyar take fitowa sai dai ka bi ƙarar da kunne, lambobin suna tsalle in hannunka ya motsa ko ka juya ta, kuma ba ta zo da takardar da ke nuna an daidaita ta a ɗakin gwaji ba, don haka kar ka ɗauki lambarta ka kai ƙara wani waje. In sayen ya zama dole iyaye su haɗu su sayi guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, don aikin wuni ɗaya ne ka gama da ita, kuma duk wanda zai karɓa a fara nuna masa yadda ake mayar da ita kan matsakaici kafin ya kunna. Tauraro uku cikin biyar na ba ta.