Yawon dare a dajin Kirindy: jagoran ya ci kuɗinsa da halal

A Nguru na tashi, a gidan masu cinikin ƙaro. Da na ji akwai dabbar da ƙaro ne tuwonta, sai na ƙudura sai na gan ta da idona. Aiki ya kai ni Morondava, a yammacin Madagaska, cikin watan Oktoba, na ware dare guda na biya kuɗin yawo a dajin Kirindy, mai nisan kusan kilomita 60 daga garin.

Motar hayar da na ɗauka a gari ba ta kyauta min ba. Ta zo a makare, muka sha ƙura, muka wuce shahararrun kukokin nan na bakin hanya ba tsayawa. Jagoran dajin ne ya wanke min takaici.

Ana shiga magariba ya ce, "Malam, kashe fitila ka saurara." Can sai ga wani kuka mai kaifi daga saman bishiya, wani ya amsa daga nesa. Ya ce miji da mata ne, yanki ɗaya suke riƙe da shi, amma kowa kiwonsa daban, da murya suke sanin inda juna suke. Ita ce dabbar da na zo nema, mutanen wurin suna kiranta tanta. Wani nau'in lemur ce, wato dabba mai kama da biri, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Baƙin layi ya bi gadon bayanta har kai, ya rabu biyu kamar gwafa, kowane reshe ya sauka kan ido.

Abin da ya burge ni shi ne bai sa mu bin ta a guje ba, don a kan reshe ba a kamo ta da ido. Kai tsaye ya kai mu gindin wata bishiya dangin baushenmu, ya ce mu jira. Tsutsar ƙwaro ke huda ɓawon, ƙaro ya tsatso, ita kuma takan zagayo bishiyoyin da ta sani kowane dare. Ba a daɗe ba ta sauko, ta maƙale da faratanta masu kaifi, tana gyaɗa kai. Haƙoranta na ƙasa sun miƙo gaba kamar mataji, da su take kankarar ƙaron, sannan ta zura dogon harshe cikin ramin. Na tuna yadda muke ɓamɓaro ƙaro a jikin dakwara muna yara, muna tsotsa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ya kuma bayyana min cewa ƙaron nan ne ke riƙe ta duk rani, lokacin da ganye ya zube. Maƙwabciyarta kuwa, wata lemur mai tara kitse a wutsiya, shigewa kogo take, ta yi barcin watanni. Masu bincike na Jamus suna aiki a dajin tun 1993, kuma a bakin jagoran za ka ji ya zauna da masana.

Wanda zai je ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, ya kuma bar haska mata fitila a ido. Da safe, a hanyar komawa, na ga filayen da aka ƙone don noman masara da gyaɗa, kututture baƙi ƙirin, ba nisa da inda muka tsaya jiya.