Kayan sanyin mai keke: me za ka saya kafin hunturu ya kankama?

Sanyin da mai keke yake sha da sassafe ya fi na mai tafiya a ƙasa. A Kano ko Zariya, tsakanin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauka kusa da digiri 12 kafin rana ta fito. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, yakan faɗi ƙasa da 10. Ga kuma iskar da kai da kanka kake jawowa in kana gudun kilomita 15 zuwa 20 a awa, wadda ke kwashe ɗumin da jiki ya tara. Amma da azahar, sa'ad da za ka koma gida, zafi ya doshi digiri 30 a Kano. Saboda haka kayan da za ka saya sai sun tare iska da safe, sun kuma naɗu sun shiga jaka da rana.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Mutum ya shiga kasuwar Kofar Wambai ta Kano ko ta Katako a Jos, ya hango jibgegiyar jaket mai soso a ciki, wadda aka ɗinka domin ƙasashen ƙanƙara, ya ce ya dace. Ga mai gadi ko mai shayi da ke tsaye wuri ɗaya, lallai ya dace. Ga mai taka feda kuwa, kafin ya yi minti goma zufa ta jiƙa masa baya, da ya tsaya kuma sanyi ya kama shi fiye da na farko. Ga nauyi, ga ta ba ta naɗuwa.

Suwaita saƙaƙƙiya ta fi sauƙi da araha, tana kuma riƙe ɗumi a cikin ɗaki. Matsalarta ƙofofin saƙar: iska na ratsa su kai tsaye. Ita kaɗai ba ta isa a kan keke ba.

Abin da nake ganin ya fi shi ne haɗa biyu: suwaita marar kauri a ciki, sannan jaket shara-shara mai santsi kamar leda a waje, irin ta 'yan ƙwallo. Ta ciki ta riƙe ɗumi, ta waje ta tare iska. In jiki ya ɗau zafi a hanya sai ka sassauta zik. Kafin ka biya, kara yadin a bakinka ka hura. In ka ji iskar a tafin hannunka ta ɗaya gefen, ajiye ta. Duba zik ɗin ya kai har wuya, bakin hannun yana da roba, bayanta kuma ya sauko sosai, domin in ka sunkuya a kan keke ƙugu ne ke fara buɗewa. A kayan gwanjo zik ne ke fara mutuwa, don haka ja shi sama da ƙasa a gaban mai kaya.

Rigar da ke manne da fata ma abin lura ce. Auduga tana shan zufa ta riƙe, sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a ƙirji. Riga irin ta 'yan wasa tana saurin bushewa, ulu kuma yana ɗumama jiki ko da ya ɗan jiƙe, sai dai wani yana sa ƙaiƙayi. Ranar da aljihu ya yi sanyi, cusa takardar jarida a ƙirji ƙarƙashin riga. 'Yan tseren keke na Turai sun daɗe suna yin haka in za su gangaro daga duwatsu.

In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, sayi safar hannu. Yatsu ne a gaba, ba sa motsi, kuma su ke jan birki. Saƙaƙƙiya ba ta tare iska, tana kuma zamewa a kan ƙarfe. Mai kauri sosai tana hana ka jin birkin. Nemi ta fata mai laushi ko mai leda a baya da ɗan yadi a ciki, ka sa ta ka dunƙule hannu ka ji ko ta matse.

Hular sanyi wadda ta rufe kunne ta wadatar. Mai sa hular kwano ya nemi marar kauri da za ta shiga ƙarƙashinta. Hirami ko rawani yana rufe wuya da hanci da kyau, amma a cusa jelarsa cikin jaket, kada ta faɗa cikin taya. Haka ma bakin jallabiya da ƙafar wando ta ɓangaren sarƙa. Silifas kuwa a bar shi a gida: kambas da safa, a shafa man kaɗe ko basilin saboda faso.

Sai ƙura, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta. Takunkumin yadi yana ɗumama fuska, ana kuma wanke shi, amma ƙura mai laushi na wuce shi. Takunkumin N95, irin na ma'aikatan asibiti, ya fi tacewa nesa ba kusa ba, sai dai yana da tsada kuma numfashi na yin nauyi a hawan tudu. Mai asma ya daure ya saye shi.

Wani abu game da launi: yawancin jaket ɗin da ke cikin dila baƙaƙe ne ko ruwan toka, kuma a cikin hazon asuba direba ba ya hango mai irin wannan shiga sai ya zo dab da shi. Ɗauki ja, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, ko da ba su burge ka ba. In baƙar ce kawai ta yi maka daidai, ɗora mata riga mai ƙyalli irin ta masu aikin hanya, ka sa wa keken jar fitila a baya.