Rumfar wuƙaƙe a kasuwar Wudil

Duk ranar da na samu sarari nakan zaga kasuwannin ƙauye ina duba ƙananan wuƙaƙen aljihu, kuma a Juma'ar da ta wuce na tsaya a wata rumfar 'yan koli a kasuwar Wudil, nesa kaɗan da karar shanu. Dattijon da ke rumfar ya jera wuƙaƙen Okapi masu naɗewa, masu ɗan zoben da ake ja a saki makullinsu, waɗanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu, a gefe kuma ga na maƙeran gida cikin kuben da dukawa suka ɗinka.

Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye mini cewa rabin kayansa jabu ne ba. Ya ce, "Alhaji, ja zoben ka ji yadda take kullewa," domin ta jabu tana girgiɗi a ƙota. Na sayi ta ainihi bayan doguwar tayawa. Ƙarfenta yana ɗaukar kaifi da wuri a dutsen wasa, sai dai yana saurin tsatsa da damina idan ba a shafa masa mai ba. Kuɗin ya ɗan fi na kasuwar Maigatari tsada.