Sharhi a kan gyaran kafar intanet ta kwamfutar shagona a PZ, Zariya

Ina da shagon buga takardu da rajistar ɗalibai a Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa a lokacin rajista intanet shi ne jarin mai shago. Babbar kwamfutar tebur da nake aiki da ita, wadda firinta ke jone a jikinta kuma ƙananan kwamfutocin shagon ke tura mata aikin bugawa, ta daina ganin kebul ɗin intanet bayan wani ruwa mai tsawa da aka tafka da dare a farkon damina. Da safe ta kunnu lafiya ƙalau, takardu suna buɗuwa, firinta tana aiki, amma 'yan fitilun nan biyu da ke ƙiftawa a bakin kafar da ake cusa kebul sun mutu, Windows kuma ya nace cewa ba a sa kebul ba alhali kuwa yana ciki daram. Wannan sharhi a kan shagon gyaran da na kai ta ne a PZ, unguwar kasuwanci a Zariya. Ba zan faɗi sunansa ba, domin abin da zan rubuta ya haɗa yabo da ƙorafi.

Kafin in kai ta can na sha shawarwari iri-iri. Maƙwabcina ya ce direban kafar ne ya lalace, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da ita. Wani ya ce ai tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025 dole irin wannan ta riƙa faruwa, don haka a yi fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows, a huta. Wani mai gyara kuma, ko murfinta bai buɗe ba, ya yanke hukunci cewa madabod, babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa, ya ƙone, sai dai a sayo wani. Kowa ya san abin da madabod ke ci a kasuwar yau, ko da tokumbo ne, kuma a cikin kwamfutar akwai ayyukan ɗalibai na ƙarshen karatu da suka bar mini amana, waɗanda fomatin zai iya share su baki ɗaya. Da wannan fargaba na ɗauke ta a Keke Napep zuwa PZ, ina sa ran jin ɗaya daga cikin maganganun nan guda biyu, fomatin ko sabon madabod.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mai gyaran, matashi ne da bai kai ni shekaru ba, bai taɓa sukuddireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, daren da abin ya faru an yi tsawa? Kuma kebul ɗin ta ina ya biyo kafin ya iso kwamfutar?" Na gaya masa cewa rauta, na'urar da ke raba wa kwamfutoci intanet, tana wani ɗaki a saman bene domin a can sabis ya fi ƙarfi, kebul ɗin kuma ya fito ta taga, ya bi ƙarƙashin bakin kwano, sannan ya sauko cikin shago. Na ƙara da cewa, "Amma Injiniya, a kashe na bar ta, kuma akwai sitabilaiza." Sai ya yi mini bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani mai gyara ba. Ya ce kwamfutar tebur ko an kashe ta, muddin filoginta yana cikin soket kuma akwai wuta, akwai 'yar wuta mai ƙarfin bolt 5 da ke ci gaba da shiga madabod, har da ɓangaren kafar intanet, domin a iya tada kwamfutar daga nesa. Sitabilaiza kuwa wayar wutar lantarki kawai take tsaro, ba ruwanta da abin da ya biyo kebul ɗin intanet. Ya ce ba sai tsawa ta faɗa wa ginin ba, idan ta faɗi a kusa takan haifar da wuta mai ƙarfi a cikin doguwar wayar tagulla da ke waje, wutar kuma ta bi waya ta daki abin da ke kowane ƙarshenta.

Duk da haka bai tsaya a kan zato ba, kuma wannan ne ya saye ni. A gabana ya cire filogi, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, ya ce wani lokaci kafar takan sanƙare ne kawai kuma wannan kaɗai yakan farfaɗo da ita. Ba ta farfaɗo ba. Ya haska tocilan wayarsa cikin kafar ya ƙirga 'yan haƙoran tagulla guda 8 da ke ciki, babu wanda ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. Ya jona kebul ɗin shagonsa, wanda ya fara nuna mini yana aiki a wata kwamfutar, fitilu ba su kama ba. Ya shiga BIOS, shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ya nuna mini da yatsa cewa kafar a kunne take, kwanan wata da agogo ma daidai suke, wato ƙaramin batirin nan mai lamba CR2032 bai mutu ba balle a ce saitin ya birkice. A cikin Windows, a shafin da ake jera kayan aikin kwamfuta, sunan kafar yana nan ba tare da alamar gargaɗi ba, abin da ke nuna cewa direbanta lafiyarsa lau.

Daga nan ya ɗauko wani filashi mai ɗauke da Linux, wata manhajar sarrafa kwamfuta daban da Windows, ya tada kwamfutar daga gare shi ba tare da ya taɓa komai a cikin rumbun ajiyata ba. A can ma an ga kafar, amma babu haɗi. Ya juyo ya ce, "Malam ka gani, wannan ba Windows ba ne, kuma shi ma bai ga kebul ba. Da an yi maka fomatin da ka yi asarar ayyukan mutane a banza, matsalar tana nan yadda take." Har yanzu idan na tuna wannan magana nakan ji sanyi a raina, domin na san yadda zan tsaya a gaban ɗalibin da ya shafe shekara yana rubutu in ce masa aikinsa ya tafi.

Gwaji na ƙarshe da waya aka yi shi. Ya sa na kira yaron shagona ya cusa dogon kebul ɗin a ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin, bai yi aiki ba. Ya ce yaron ya hau sama ya mayar da ɗaya bakin kebul ɗin zuwa wata kafa ta daban a jikin rauta, nan take intanet ya kawo. Ashe kafar rautar da kebul ɗin ke ciki a daren ita ma ta mutu, wato an daki ƙarshen waya biyu a lokaci guda, kebul ɗin kansa kuma ya tsira. Sai a sannan ya buɗe murfi, ya hure jar ƙurar da ta cika fanka, ya nuna mini bayan kafar inda ake sa wata 'yar taransifoma da ke raba kebul da madabod. Ya ce ƙa'idar ƙera waɗannan kafofi ta tanadi su jure bolt 1500, amma abin da tsawa ke haifarwa yakan zarce haka nesa ba kusa ba. Babu alamar ƙuna ko kaɗan, kuma bai yi mini ƙaryar cewa ya ga wata ba. Ya ce sau da yawa ido ba ya ganin komai, gwajin da aka yi ne ke nuna inda ciwon yake, kuma sauran madabod ɗin lafiyarsa ƙalau.

Ya ba ni zaɓi biyu. Ko dai 'yar na'urar da ake cusawa a kafar USB, ko kuma katin sadarwa da ake dasawa a ƙaramin gurbin PCIe na cikin kwamfuta. Ya gargaɗe ni cewa masu arhar cikin na'urorin USB ɗin ba sa wuce megabit 100, kuma mai gudun megabit 1000 sai an sa ta a shuɗiyar kafa ta USB 3.0 kafin ta ba da cikakken gudunta, ga shi kuma tana reto a waje inda hannu zai iya fizge ta. Na zaɓi katin, mai ƙwayar Realtek, wanda Windows ya gane shi da kansa, fitilu suka kama, shafi ya buɗe. Kuɗin kati da ladan aiki gaba ɗaya ba su kama ƙafar kuɗin madabod ba. Na bar shagon ina sa masa albarka, har na fara ba abokan sana'a labarinsa tun ina kan hanya.

To, amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kwamfutata irin siririyar nan ce ta ofis, katin kuma ya zo da dogon ƙarfen da ake ɗaure shi da shi a bayan babban akwati, gajeren da ya kamata ya zo tare da shi ba ya cikin kwalin. Maimakon ya gaya mini cewa kayan ba su cika ba in yanke shawara da kaina, sai ya kwance dogon ƙarfen ya dasa katin tsirara, babu abin da ke riƙe da shi sai gurbin da aka cusa shi. Da na yi magana ya ce, "Ba komai Malam, zai zauna, gajeren yana zuwa cikin mako." Bai zauna ba. Duk lokacin da yaro ya zo shara ya taɓa kebul, katin yakan karkace, intanet ya yanke, sai an kashe kwamfuta an buɗe murfi an danna shi. Mutumin da ya yi mini dogon bayani a kan bolt 5 da ke yawo a madabod ya fi ni sanin haɗarin kati ya motsa a gurbinsa alhali akwai wuta a ciki. Wannan sakaci ne, kuma ya fi ba ni haushi da yake daga wanda ya san aikinsa ya fito.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da na tarar da na koma shago. Intanet yana aiki a babbar kwamfutar, amma ƙananan sun daina ganin firinta kwata-kwata, ga ɗalibai sun yi layi har bakin baranda kowa da takardar da yake son a buga masa kafin a rufe ofishin sashensu. Na kira Injiniya, wayar tana shiga ba a ɗauka. Da aka ɗauka daga baya yaronsa ne, ya ce, "Baba, Oga ya tafi Kaduna, sai dai ka dawo da ita gobe." Wasu ɗaliban suka karɓi filashinsu suka tsallaka shagon gaba, kuma ban ga laifinsu ba. Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke cikin layin ne ya tausaya mini ya duba. Ya ce kowane katin sadarwa yana da lambarsa ta shaida da ake kira MAC, saboda haka rauta ta ɗauki kwamfutar a matsayin baƙuwa ta ba ta sabon adireshi, ƙananan kwamfutocin kuma suna can suna neman firinta a tsohon adireshin. Bugu da ƙari, Windows ya ɗauki haɗin a matsayin na wurin jama'a, ya rufe damar raba firinta da fayiloli. Ya mayar da shi na cikin gida, ya shiga saitin rauta ya keɓe wa sabon katin adireshin da tsohon ke amfani da shi, firinta ta dawo.

Na gaya wa mai gyaran tun farko cewa wannan kwamfutar ce uwar firintar shago. Wanda ya iya gano cewa kafar rauta ta mutu daga PZ ba tare da ya je Samaru ba, ba zai ce bai san sabon kati zai sauya adireshi ba. Magana ɗaya ce zai yi mini kafin in fita, ko ya rubuta mini matakan a takarda, da cinikin wannan yini bai salwanta ba. Matacciyar kafar ma bai kashe ta a BIOS ba, bai kuma toshe bakinta ba, har yarona ya taɓa mayar da kebul cikinta bayan shara muka shiga wani sabon ruɗani. Da na koma na faɗa masa duk wannan ya ba ni haƙuri cikin ladabi, bai yi musu ba, kuma na yaba da hakan, sai dai haƙurin bai zo da gajeren ƙarfen ba.

Idan wani a Zariya ya wayi gari fitilun kafar intanet ɗinsa sun mutu bayan ruwa, har gobe zan ce ya nemi mai gyara irin wannan da zai gwada kebul, ya duba BIOS, ya tada kwamfutar da filashi kafin ya ambaci fomatin ko madabod, domin a wannan fanni ban ga kamarsa ba a cikin waɗanda na yi hulɗa da su. Amma kada ya biya kuɗin kati sai ya buɗe kwalin da hannunsa ya ga ƙarfen da ya dace da akwatin kwamfutarsa, kuma idan yana raba firinta ya sa a daidaita masa wannan tun a shagon. Shawarar da ya ba ni ta zare kebul daga kwamfuta da rauta duk lokacin da hadari ya haɗo, da kuma kafin a rufe shago da dare, ina bin ta sau da ƙafa, duk da cewa kowace zarewa sai na dafe katin da yatsa don kada ya biyo kebul ɗin. Zancen ƙarfen kuwa, makon da ya yi alkawari ya wuce tuni, yanzu ya ce yana cikin kayan da ake jira daga Kano.