Hattara da masu "akwatin etanol" a gareji-garejin Garwa

Direbobi da masu motoci na Garwa, Marwa har Kusiri a arewacin Kamaru, a yi hattara. Wasu mutane na zagaya gareji-gareji da tashoshin mota, suna kuma yaɗa bidiyo a WhatsApp da Facebook, wai sun kawo wani akwati daga Faransa da ake haɗa wa inji, mota ta rage shan mai da rabi, kuma ko zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, ka zuba mata za ta ja kamar ta sha sufa, fetur ɗin gidan mai. Suna haɗawa da wani ruwa a 'yar kwalba, wai na ƙara oktan. Sharaɗinsu ka fara tura rabin kuɗi ta waya.

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Litar sufa ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta hau 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwan da muke fakewa da shi ma ya daina araha tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023.

Abin da ke sa maganarsu shiga kunne, akwatin na gaskiya yana nan. A Faransa ana sayar da mai da ake kira E85, gaurayen fetur da etanol (sinadarin barasa da ake tacewa daga amfanin gona), wanda etanol ɗinsa kan kai kashi 85 cikin ɗari, kuma tun 2017 hukuma a can ta yarda a riƙa haɗa wa motocin fetur irin wannan akwati. Sai dai ku ji aikinsa. Ƙarfin da ke cikin litar etanol bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur na ƙonewa daidai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, E85 kuwa wajen sau 9.8. Don haka akwatin yakan sa injekta, mai fesa wa inji mai, ta daɗe a buɗe, ta ƙara watsa mai. Mota ƙara sha take yi. Bafaranshe yana cin riba ne don litar E85 ta fi ta fetur araha nesa ba kusa ba. To, a wane gidan mai na Garwa ko Marwa ka taɓa ganin famfon E85? Abin da suke sayarwa sufa ne, gazuwal (dizal), da kananzir. Akwatin kirki yana da na'urar auna etanol a cikin mai. Na arha ba ruwansa, mai kawai yake ƙarawa. Sakamakon: buji ya yi baƙi ƙirin, salansa na hayaƙi, fetur ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina, za ka ji.

Akwai kuma ƙaramin da ake cusawa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona kwamfutar gwajin mota. Wani makanike ya ɓalle ɗaya da sukudireba a gabana: ɗan allo ne da ƙananan fitilu masu ƙyaftawa da maɓalli guda, ba ya aika wa ƙwaƙwalwar mota komai. Wannan aƙalla aljihu kaɗai yake ci.

Batun oktan kuma, ba ƙarfi ba ne. Awo ne na yadda mai ke jure matsi cikin silinda ba tare da ya fashe kafin lokaci ba. Tsohuwar Corolla ko Carina da kamfani ya ƙera don man yau da kullum ba za ta ƙara gudu don an ɗaga lambar ba. Matsalar zuwa-zuwa datti ne, ruwa, wani lokaci gaurayen kananzir, kuma babu kwalbar da ke fitar da su daga tanki. In ruwan nasu etanol ne ko ɗan'uwansa metanol, danshi zai jawo, ya ci tiyon roba da kayan kabureta. Ku tuna man da aka shigo da shi Najeriya daga Beljiyam a farkon 2022, wanda metanol ya yi masa yawa. Motoci sun yi ta lalacewa a Legas da Abuja.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai karkata distiribita, na'urar da ke raba wa buji wuta, a ɓoye ya gaggauta wuta. A gwajin cikin gari mota za ta yi zafin nama, ka ce Malam ya iya aiki, ka cika masa kuɗinsa. Ranar da ka ɗauko lodi kana hawan dutsen Gaundare cikin zafin Afrilu da zuwa-zuwa a tanki, sai ka fara jin ƙwas-ƙwas daga inji. Ƙarar nan fistin take ci, har ta huda shi. A lokacin lambar Malam ta daina shiga.

Wanda aka riga aka haɗa wa, ya je wurin makanikensa na da a cire akwatin, a mayar da wayoyin injekta yadda suke, a saita wuta da fitilar gwaji, a canza baƙin mai da buji. Kada ya goge saƙonnin da shaidar tura kuɗin, su zai kai wa jandarma ko ofishin 'yan sanda.