Memorin waƙoƙin kantiri mai bayani da Hausa: wata guda da sayensa

Masu tambayata game da memorin nan na tsofaffin waƙoƙin kantiri (wato waƙoƙin karkarar Amurka), wanda ake yin bayani da Hausa kafin kowace waƙa, ga abin da na gani. A shagon wani yaro mai tura waƙoƙi na saya.

Don Baba na saye shi. Mun tashi muna jin muryar Jim Reeves da Don Williams daga rikodarsa kowace ranar hutu, tun yana aikin jirgin ƙasa. Kaset-kaset ɗin suna nan cikin kwalin takalmi, amma danshin damina ya gama da su, rikodar ma ta daɗe da mutuwa. Baba yana jin Turancin ofis sarai, sai dai na mutanen kudancin ƙasar Amurka masu jan harshe, ya sha gaya mana rabi yake tsinta. Sanyin murya da taushin jita ne suka riƙe shi. Shi ya sa da na ji akwai mai bayani ban tsaya ciniki ba.

Daren farko bayan isha'i na sa masa a 'yar rediyonsa mai cin memori, muna zaune kan tabarma a tsakar gida. Waƙa ta huɗu ita ce Coat of Many Colors ta Dolly Parton. Yana jin sunan ya ce, "Na san wannan, ta rigar nan ce." Iyakar abin da ya sani ke nan shekara arba'in. Sai mai bayanin ya fara, a natse, da Hausa mai daɗin ji. Ya ce labarin gaske ne na yarintarta. An haife ta a 1946 cikin duwatsun jihar Tenesi, ita ce ta huɗu a 'ya'ya goma sha biyu, talauci ya kai har da buhun garin masara ubanta ya biya likitan da ya karɓi haihuwarta. Wata rana aka ba su akwatin ƙyallaye, sanyi ya matso, yarinya ba ta da rigar sanyi. Uwar ta zauna ta harhaɗa ƙyallayen nan kala-kala ta ɗinka mata, tana ɗinki tana ba ta labarin rigar Annabi Yusuf kamar yadda ya zo a littafinsu. Yarinya ta sa riga ta tafi makaranta tana taƙama, yara suka yi ta yi mata dariya. Ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da su cewa ita ba ta ganin kanta matalauciya, tunda da ƙauna aka yi kowane ɗinki. Waƙar ta fito a 1971.

Da waƙar ta ƙare Baba ya ce, "Mayar min da ita baya." Sau uku na mayar. Can sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce wata sallah yana ɗan shekara tara, Inna ta bi teloli tana roƙon ragowar yadi, ta haɗa masa taguwa da hannunta a hasken aci-bal-bal. Da yaran unguwa suka fara kiransa mai rigar tsumma, sai ya tuɓe ta ya cusa bayan randa, ya wuni ba riga. Inna ta gani, ba ta ce masa uffan ba, har Allah ya karɓi ranta ba su taɓa tayar da zancen ba. "Ita wannan yarinyar ta fi ni hankali," in ji shi, yana share ido da bakin rigarsa. Na girma a gidan nan, na yi aure, na haihu, ban taɓa jin labarin nan ba sai daren. Washegari na kira yaron na sa masa albarka, na kuma tura masa abokaina biyu.

To amma da muka ci gaba da ji, raina ya soma ɓaci. Da aka zo kan Jim Reeves, mai bayanin ya ce wai rashin lafiya ce ta yi ajalinsa. Baba da kansa ya tare shi: "A'a, jirgin sama ne ya faɗi da shi." Haka ne kuwa, ranar 31 ga Yuli 1964, kusa da birnin Nashbil, kuma shi ne ke tuƙin. A kan I Will Always Love You kuma ya ce waƙar Whitney Houston ce Dolly ta maimaita, wai kukan macen da saurayi ya yaudara. An juya zancen gaba ɗaya. Dolly ce ta rubuta, ta fito a 1974, sallama ce take yi wa ubangidanta a sana'a, Porter Wagoner, wanda ta shiga shirinsa na talabijin tun 1967, za ta tafi ta tsaya da ƙafarta. Ta Whitney sai 1992. Duk wanda ya yi koyon sana'a ya zo rabuwa da maigidansa cikin mutunci zai gane nauyin waƙar nan, amma an mayar da ita soyayyar samari.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne The Gambler ta Kenny Rogers, ta 1978. Cewa ya yi waƙar koyar da caca ce, kawai ya wuce. Baba ya ce in cire ta, ba ya son irin wannan a gidansa. Sai da na zauna na warware masa: tsohon ɗan caca ne ya haɗu da wani matafiyi cikin jirgin ƙasa da dare, ya yi masa nasiha da yaren karta, cewa mutum ya san abin riƙewa da abin saki, ya san lokacin tashi, sannan ya kwanta barcin da bai farka ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a jirgin ƙasa, saura kaɗan a raba shi da waƙar jirgin dare saboda gaggawar mai bayani. Ga kuma sunan shagon da lambar waya da ake rangaɗawa a tsakiyar waƙoƙin Don Williams, daidai inda murya ta yi ƙasa mutum ya lumshe ido.

Na koma shagon na zayyana masa duka. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, haka na gani a intanet, zan gyara." Mako biyu ke nan, kullum sai gobe. Na ji kunyar abokan da na tura, dole na kira su na ce su riƙa tantance abin da suka ji. Ni kaina sai da na koma na binciki labarin rigar, gabana yana faɗuwa kada shi ma ƙirƙira ce. Alhamdu lillahi, wannan kam daidai ya faɗa.

Jiya na ce wa Baba ya ba ni memorin in mayar a karɓo kuɗi. Ya janye rediyon ya sa a gefen filonsa, ya ce, "Bar min abina. Ka dai nuna min inda ake dannawa a koma ta huɗu."