Kunshin fina-finai na shekara ko sayen izinin fim ɗaya-ɗaya?

Malama, kin tambaya wanne ya fi dacewa da laburaren jami'a: a biya kuɗin shekara a samu kunshin fina-finai gaba ɗaya, ko a sayi izinin kowane fim daban duk lokacin da malami ya nema.

Tun farko, faifan DVD da ke kan kantarku bai ba ku damar ɗora fim ɗin a intanet ba. Asusun Netflix na mutum ɗaya ma don kallon gida aka yi shi.

Kunshi irin Academic Video Online na kamfanin Alexander Street, ko Films on Demand na kamfanin Infobase, yana kwantar da hankali. Kun san abin da za ku biya tun farkon shekara, ɗalibi kuma ya shiga da lambarsa ya kalla ko da tsakar dare ne. Sai dai yawancin abin da ke ciki fina-finan ilimi ne da na labaran gaskiya. Kuma fim yakan fice daga kunshin. Malami zai buɗe mahaɗar da ya ba ɗalibai ranar lacca, ya tarar wayam.

A ɓangaren ɗaya-ɗaya, dandalin Swank Digital Campus yana da manyan fina-finan Hollywood, izininsu galibi na shekara ɗaya ne. Kanopy kuwa, wata kafar kallon fina-finai ta intanet, tana da tsarin da ake buɗe wa kowa ƙofa: da fim ya kai kallo huɗu, sai a caji laburare kuɗin izinin shekara. A nan kasafi ke zurarewa. Ɗalibai huɗu sun kalli fim a daren Asabar don nishaɗi kawai, kuɗin kuma daga aljihun laburare zai fita. Shi ya sa jami'o'i da dama a Amurka suka koma tsarin sai malami ya cike fom ya nema kafin a saya.

Ni dai da ni ce, idan fina-finan da malamanku ke koyarwa ba su da yawa, ɗaya-ɗaya zan saya. Wanda ake koyarwa kowane zango kuwa, in tuntuɓi mai rarraba shi kai tsaye in nemi izinin dindindin.

Kafin ki sa hannu, ki duba ƙasashen da izinin ya shafa, ko fim ɗin yana da rubutun magana a ƙasan allo don ɗalibai kurame, da kuma ko an yarda a nuna shi a babban ɗakin taro ga waɗanda ba 'yan ajin ba.